Daga "Allah Ya Isa" Zuwa Takardar Koke

A Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, reshen Kano na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yake. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, cike da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, daga likitoci har nas-nas. Duk da kusancin kotun, yawancin ma'aikatan garin nan idan an cuce su, "Allah ya isa" suke yi su haɗiye. To me ke sa wani ya ɗauki biro?

Ba yawan kuɗin ba ne. Mutum kan jure wata uku ba alawus muddin kowa haka yake, mutuwar yawa kaka ce. Amma ranar da aka yi wa wanda suka kama aiki tare ƙarin girma, shi aka tsallake shi ba bayani, ranar barci ke ƙaurace masa. Tun 1963 masanin halayyar ɗan Adam, Stacy Adams, ya nuna cewa ma'aikaci da rabon abokin aikinsa yake auna nasa. Tsawa a gaban na ƙasa da kai kuwa ta fi yankan albashi ciwo.

Daga nan sai lissafi. Albert Hirschman ya rubuta a 1970 cewa wanda bai gamsu ba, ko ya fice ko ya ɗaga murya. Mai iyali a wannan marra ina zai fice ya tafi? Ɗaga muryar ma da tsada: a sa maka ido, a kira ka mai taurin kai, a jefa ka inda ba ka so. Ga kunya, wadda a ganina ta fi tsoro ƙarfi a wurinmu. Ogan nan sahu ɗaya kuke a masallaci, wataƙila ma shi ya yi maka hanyar aikin.

Abin da ke raba gardama shi ne shugaban ƙungiya na reshe. In an taɓa ganin ya ƙwato wa wani haƙƙinsa, koke kan yi yawa. In ana raɗe-raɗin an saye shi, shiru za ka ji, hukuma kuma ta ɗauka lafiya lau ake.

An kafa kotun a 1976, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna. Sai dai da takarda take aiki. Ɗan'uwa, ko za ka tura dattijo ya sasanta ku, adana takardar albashinka, ka rubuta ranar da abin ya faru da waɗanda suka shaida.