2.3 Bunƙasar Na'urorin Sarrafa Ƙananan Jiragen Sama ta Hanyar Rediyo

Na'urorin da ake magana a kansu a wannan sashe sun kasu gida uku. Akwai na'urar aikawa wadda matuƙi ke riƙe da ita a ƙasa, da na'urar karɓa da ke cikin jirgin, sai kuma abin da ke mayar da saƙon rediyo ya zama motsi a jela ko fiffike ko totur. Idan aka yi la'akari da tarihinsu, za a ga cewa isar da saƙo zuwa nesa bai taɓa zama babbar matsala ba, domin ƙaramin jirgi ba ya wuce inda idon matuƙinsa ke iya hangowa. Matsalar ita ce yadda jela za ta motsa daidai gwargwadon motsin yatsan matuƙi, ba ƙari ba ragi.

Tun a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da rediyo a birnin Nuyok. Amma jirgin ruwa yana iya ɗaukar kaya masu nauyi, na sama kuwa ba ya iyawa, saboda haka sai da aka yi kusan shekara 40 kafin fasahar ta hau sama a hannun masu sha'awa. A 1937 wasu tagwaye 'yan jihar Mishigan ta Amurka, Walter Good da William Good, suka ƙera jirgin da suka sa wa suna Big Guff, wanda ya lashe gasar ƙasa ta Amurka a 1939 da 1940 da 1947. Yanzu haka yana hannun gidan tarihi na Smithsonian.

Kayan wancan zamani suna aiki ne da bawul, wato kwalbar lantarki irin ta tsofaffin akwatunan rediyo, wadda ke buƙatar batir iri biyu: ƙarami na ɗumama ta, da babba mai ƙarfin bolt 45 ko makamancin haka. Saƙo ɗaya tak ake iya aikawa, ko dai a kunna ko a kashe. Abin da ke juya jela kuwa wata 'yar na'urar saki-da-kama ce wadda murɗaɗɗiyar roba ke ba ta ƙarfi. A mafi sauƙin samfurinta, idan matuƙi ya danna maɓalli jela ta karkata dama gaba ɗaya, ya saki ta dawo tsakiya, ya sake dannawa ta tafi hagu. Ke nan dole ya riƙa tuna ɓangaren da ya juya na ƙarshe, in kuwa ya manta sai jirgi ya nufi inda ba a aike shi ba. Haka nan idan murɗin robar ya ƙare jirgi yana sama, tuƙi ya ƙare ke nan. Bugu da ƙari, a Amurka sai mai lasisin rediyo, wanda ya ci jarrabawa, ke da izinin aika saƙo, har zuwa 1952 da hukumar sadarwa ta ware mita 27.255 megahaz ba tare da wannan jarrabawa ba.

A shekarun 1950 aka sami tsarin siraran ƙarafa. A cikin na'urar karɓa ana jera wasu ƙarafa kamar haƙoran mataji, kowanne da amon da ke sa shi karkarwa. Na'urar aikawa ta tura amo, ƙarfen da ya dace da amon ya girgiza ya haɗa wuta, sarbo ya motsa. Sarbo shi ne ɗan injin lantarki mai giya da ya maye gurbin roba. Da ƙarafa 10 ko 12 ana iya sarrafa jela da fiffike da totur, kowane aiki da ƙarafa biyu. Samuwar transista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta rage nauyi da yawan batir. Sai dai har a lokacin motsin na gaba ɗaya ne. Matuƙin da ke son kwana mai laushi sai ya yi ta ƙyasta maɓalli da sauri, abin da gwanaye kaɗai suka iya.

Sauyin da ya fi kowanne muhimmanci ya zo ne a farkon shekarun 1960 a jihar Kalifoniya, inda ake danganta shi da Doug Spreng da Don Mathes. Dabararsu ita ce a auna matsayin sandar tuƙi da tsawon lokaci. Kowane sarbo yana samun ɗan bugun lantarki mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, wato kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na daƙiƙa. Bugu mai tsawon 1.5 yana nufin tsakiya, abin da ya gaza ko ya ɗara haka yana nufin karkata zuwa wani ɓangare gwargwadon bambancin. Ana jera bugun dukkan sarbo ɗaya bayan ɗaya, a maimaita jerin kimanin sau 50 a daƙiƙa guda. A cikin sarbo kuma akwai ma'auni da ke bin juyawar hannunsa, yana samar da nasa bugun. Injin zai ci gaba da juyawa har sai bugun biyu sun yi daidai, sa'annan ya tsaya. Da haka sanda ta maye gurbin maɓalli, matuƙi ya sami ikon karkata fiffike kaɗan ko da yawa, da sarrafa abubuwa huɗu lokaci guda. Phil Kraft, mai kamfanin Kraft Systems, ya lashe gasar duniya ta wasan jirgi a tsibirin Kosika a 1967 da irin wannan na'ura, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 tsarin ƙarafa ya zama tsohon yayi. Daga baya kamfanonin Japan, irin su Futaba da JR da Sanwa, suka karya farashi suka mamaye kasuwa.

Abin da ya saura shi ne cunkoso. Idan mutum biyu suka kunna na'ura a mita ɗaya, saƙonsu ya cakuɗe, jirgin da ke sama ya faɗo. Amfani da kiristal ya ba da damar raba mita 27 megahaz zuwa tashoshi shida, kowace da launin tutarta a kan eriya. An ƙara 72 megahaz a Amurka a 1966, da 35 megahaz a Birtaniya a 1981. Duk da haka tsaron jirgi ya dogara ne ga ladabin mutane, domin a filayen wasa akan kafa allo mai ɗauke da 'yan maƙalai irin na shanyar tufafi, kowane da lambar tasha, kuma wanda bai riƙe maƙalin tasharsa ba ba shi da ikon kunna na'urarsa. Mantuwar mutum ɗaya takan jawo asarar aikin watanni na wani.

Wajen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da na'urorin 2.4 gigahaz, Futaba ta biyo baya. A nan kowace na'urar karɓa ana ɗaura ta ne da lambar shaidar na'urar aikawa guda, ba ta sauraron kowa sai ita, saƙon kuma ana baza shi ko yana tsalle daga tasha zuwa tasha. Allon maƙalai da doguwar eriya suka kau. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin babban juyin fannin, amma hanyar da saƙo ke bi ce kurum ta sauya. Ko da yake an samar da hanyoyin da ke tura bayanan sarbo da yawa ta waya guda, sarbo na gama-gari da ake sayarwa a yau yana amsa bugun nan ne mai tsawon milisakan 1 zuwa 2, tsakiyarsa 1.5.