Gyaran dutsen fulorait a Jos: aikin da ba ya son gaggawa

Tun farkon ƙarni na 20 aka san Jos da haƙar kuza, amma duwatsun Filato na ɗauke da wasu ma'adinai, ciki har da fulorait, mai launin shunayya ko kore. Masu sha'awar gyaran duwatsu kan yanka shi su goge, ƙasansa a shafe, samansa a kumbure kamar bayan kunkuru.

A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya fito da shi a 1812, fulorait na mataki na 4, daimon na 10, don haka wuƙa ma kan karce shi. Yana kuma tsagewa ta fuskoki huɗu. Zafi ko matsi kaɗan na iya ɓata aikin yini guda. Shi ya sa ake gurza shi sannu a hankali da ruwa, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi. Ya fi dacewa da abin wuya fiye da zobe, wanda ke yawan gogayya.

Duwatsun Najeriya da dama ɗanyunsu ake fitarwa zuwa Bangkok da Jaipur, can ake cin ribar gyaransu. Ga ma'aikacin da ritaya ke ƙaratowa, abin da ya fara da sha'awa na iya zama sana'a.