Wa ke tambayar yadda suka mutu?

A watan Yulin 2013, a birnin Oxford na ƙasar Ingila, an tarar da wani saurayi ɗan shekara 18 ya nutse cikin bahon wanka, a wani gidan kula da masu raunin fahimta. Yana da farfaɗiya, amma aka bar shi shi kaɗai cikin ruwa. Da farko hukumar Southern Health mai gidan ta ce mutuwar Allah da Annabi ce. Iyayensa ba su yarda ba.

Sun yi ta fafutuka har 2015, lokacin da kotun binciken mutuwa ta tabbatar akwai sakaci. A wannan shekarar kuma aka gano cewa cikin masu raunin fahimta da suka mutu ba zato a hannun hukumar, kusan ɗaya bisa ɗari kaɗai aka bincika. A 2018 aka ci ta tarar fam miliyan 2 saboda mutuwarsa da ta wata majinyaciya.

Ƴan'uwa, yarda da ƙaddara ba ta hana tambaya. Wanda ba ya iya faɗin ciwonsa amana ne, kuma bincike kan ceci na baya.