Ciwon Sukari da Ajalin Maginan Ƙashi

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Ya ku jama'a masu sauraronmu a Daudawa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa! In aka ambaci ciwon sukari, hankalin jama'a yakan tafi ga yawan fitsari da ƙishirwa da gyambon da ya ƙi warkewa, alamomin da malaman ɗibbu suka sani tun zamanin Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037; amma akwai wata ɓarna da cutar ke yi a ɓoye cikin ƙashi, ita ce maudu'inmu a yau.

(KIƊA)

Ku sani, ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, duk da taurinsu, rayayyu ne, kuma cikin hikimar Mahalicci kimanin kashi 10 cikin 100 nasu ake sabuntawa kowace shekara, tamkar gidan ƙasa da ake kankare masa tsohon yaɓe bayan damina a yi masa sabo. Ƙwayoyin halitta iri uku ke wannan hidima: masu rushe abin da ya tsufa, da magina masu cike gurbin, da masu sa ido, waɗanda ke zaune cikin ƙashin kansa suna ba da labarin inda ya tsage, su ne kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsa. Kowace ƙwaya da ajalinta, domin akwai mutuwa mai tsari da jiki ke zartarwa a kan wadda ta gama aiki, mutuwar da masana Kerr da Wyllie da Currie suka yi sharhinta a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotland a 1972. Muddin mizanin mutuwa da mayewa ya daidaita, ƙashi yana nan da ƙarfinsa.

To, a yayin da sukari ya daɗe yana taruwa a jini, yana manne wa zaren furotin da ke ba ƙashi juriya har ya mai da shi mai saurin tsagewa, yana kuma haifar da kumburi da wasu gurɓatattun sinadarai masu ƙona ƙwaya daga ciki, sai magina su riƙa mutuwa kafin wa'adinsu. Su kuwa masu sa ido, in mutuwa ta riske su, maƙwabtansu kan aika da saƙon da ke kiran masu rushewa, ta haka rushewa ta rinjayi gini. Ita ma insulin, mai daidaita sukarin jini, wadda aka gano a Toronto a 1921, tana cikin abubuwan da ke ƙarfafa magina, shi ya sa masu nau'in farko na cutar, waɗanda jikinsu ba ya samar da ita, hatsarin karayar ƙugu gare su ya kai kimanin ninki 6 na sauran mutane. Masu nau'i na biyu kuwa, wanda ya fi yawa cikin manya, awo kan nuna ƙashinsu da kauri, alhali ingancinsa ya ragu.

(KIƊA)

Wannan bayani yana da fa'ida ga manomi da mai hawa babur da dattijuwar da santsi ya kayar a tsakar gida. Ɗori sana'a ce mai daraja da muka gada, amma maɗori, komai gwanintarsa, kan ƙashi yake haɗawa, magina ne ke liƙe shi. In sun ƙaranta, sai karaya ta jinkirta kamawa, kuma ɗaurin kara mai tsanani a ƙafar da jini da ji suka ragu cikinta yana iya zama sababin ruɓewa. Haka nan haƙorin da ke girgiɗi ba tare da an buge shi ba, sau da yawa ƙashin muƙamuƙi ne ke zaizayewa a ƙarƙashin dasashi.

Saboda haka wajibi ne mai sukari ya lizimci awo da magani bisa umarnin likita, ya riƙa tattaki, ya samu hantsi, ya sha nono marar sukari, ya nisanci taba. In kuma ya karye, ko ƙafarsa ta kumbura ta yi zafi, ya garzaya Babban Asibitin Funtuwa ko Asibitin Koyarwa na Shika, ya shaida wa likita cutarsa tun kafin a taɓa shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye masu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)