Ziyarar Yini Guda Zuwa Ƙetaren Iyaka: Abin da Ya Kamata Hakimi Ya Bincika

Da zarar an gama kaka, aka kai amfanin gona gida, a kan sami malaman makaranta da ƙungiyoyin samari a ƙasar Gaya da Ajingi suna shirya fita ziyara don ganin tsofaffin garuruwa da wuraren ban sha'awa. Wannan al'ada ce mai kyau, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma a kan sami waɗansu masu shirya tafiya su zo da alkawari mai daɗin ji, su ce cikin yini guda za su ƙetare iyaka da mutane, su nuna musu birnin Damagaram, sa'an nan su kai su wurin da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, su komo da su gida kafin dare. Da ya ke a ƙofar Hakimi a ke neman izni, kuma magatakardansa ne ke rubuta takardar shaida, lalle ne su biyun su san abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba, tun ba a karɓi kuɗin talakawa ba, tun kuma ba a sa 'ya'yansu cikin mota ba.

Inda garuruwan su ke, da inda ruwan ya ke

Abu na fari shi ne sanin shimfiɗar ƙasa. Ƙasar Gaya da Ajingi fili ce mai rairayi, haka nan kuwa duk abin da ya yi arewa da ita har Damagaram. Kogin Kano da Kogin Challawa su kan haɗu su bi ta Wudil, su miƙa gabas zuwa Haɗeja a hankali, ba tudun kirki da za su faɗo daga kansa. Magangarar ruwa kuwa ba ta samuwa sai inda kogi ya iso bakin tsauni ya rasa ƙasa a gabansa. Irin waɗannan wurare suna kudu ne, a gefen tsaunukan Jos da kewayensu: akwai Matsirga kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna, da Assop a Jihar Filato, da Gurara tsakanin Suleja da Minna a Jihar Neja.

Watau ke nan tsofaffin biranen ƙetare suna arewa, ruwan kuwa yana kudu, tsakanin Damagaram da Kafanchan kuma ya fi kilomita 500. Har wa yau lokacinsu ma ya saɓa. Yawon birane ya fi daɗi da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rana ba ta da ƙuna. Magangarar ruwa kuwa ta fi cika a Agusta da Satumba, da bazara sai ta janye ƙwarai. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk wanda ya yi alkawarin haɗa su cikin yini guda, ko dai bai san hanya ba, ko kuwa kuɗin jama'a ya ke so. Daidai shi ne a raba abin zuwa tafiya uku.

Tafiya ta fari: ƙetare iyakar jiha

Wannan ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta dace da yara 'yan firamare. Ajingi tana iyaka da Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, ba a kuwa neman fasfo a wannan iyaka. Ya kamata a fara daga Gaya, domin labarin da aka gada ya nuna daga nan ne maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dutsen Dala neman tama, har aka ce sunan shugabansu, Kano, shi ne birnin ya ɗauka. Yaron da ya ji wannan a garinsu ya fi gane abin da zai gani a waje. A 2024 aka mai da Gaya masarauta mai daraja ta biyu, ƙasarta ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Daga Gaya sai Dutse, a hau Garu, tsohon garin da ke bisa duwatsu, inda tsohuwar fada ta ke. Daga nan sai Birnin Kudu, inda akwai zanen shanu na mutanen dā a jikin kogon dutse, kamar a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da waɗansu duwatsu masu amo kamar kuge in an buga su. A shekarun 1950 masana suka fara rubuta labarinsu. Wanda ya tashi da hantsi ya iya gama wannan zagaye ya komo gida da la'asar sakaliya.

Tafiya ta biyu: Daura da Damagaram

Hanyar da aka fi sani ita ce daga Ajingi a bi Gaya da Wudil zuwa Kano, sa'an nan Kazaure, sa'an nan Daura. A Daura za a ga fadar Sarki da rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Gaba kaɗan da Daura sai Kwangwalam, nan ne bakin iyaka. In an ƙetare a bi Matamaye da Kance, a faɗa babbar hanya a Takeita, a yi gabas zuwa Damagaram, wadda Faransawa ke kira Zinder.

Ja-gora nagari zai bayyana wa matafiya asalin iyakar da su ke ƙetarewa. Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyar 1898 da ta 1904 da ta 1906, sa'an nan wakilansu, O'Shee da Tilho, suka bi ƙasa suka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Kafin wannan ƙasa ɗaya ce a wajen fatauci da auratayya. Bayan jihadi zuriyar tsofaffin sarakunan Daura sun zauna a Zango da Ɓaure a ƙarƙashin inuwar Damagaram, har lokacin da Turawa suka komo da Malam Musa gadon sarautar Daura. Ba kullum a ke zaman lafiya ba kuwa: a zamanin Sarkin Kano Alu rundunar Damagaram ta kawo yaƙi har Gezawa, wadda ba ta da nisa da Ajingi.

A Damagaram abin gani yana unguwa biyu. Birni ita ce tsohuwar unguwar sarauta, mai lunguna da manyan duwatsu da gidaje masu zanen bango, nan fadar Sarki ta ke. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar garin, har a zamaninsa aka riƙa ƙera igwa a can. Zango kuwa masaukin ayari ne, inda fataken Sahara su kan sauke raƙumansu. Baturen nan matafiyi, Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852. Faransawa sun ci shi a 1899, ya kuma zama babban birnin mulkinsu na ƙasar Nijar har 1926 da aka ƙaura zuwa Yamai.

Ga lissafin da ya kamata magatakarda ya yi. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne, daga Ajingi kuwa ya haura 300, zuwa da dawowa ya haura 600 ke nan. Motar da ke cin kilomita 60 a awa za ta yi awa goma a kan hanya, ban da tsayawa a ofisoshin iyaka na ƙasashen biyu, da tafiya da dawowa, ban da salla da cin abinci. Yini kuwa awa goma sha biyu ne ko kusa da haka. Saura me ya rage na kallo? Saboda haka ziyarar yini guda ta tsaya Daura, ko kuwa, in takardu sun cika kuma an tashi bayan sallar asuba, a leƙa Matamaye a juyo. Mai son Damagaram ya yi shirin kwana.

Takardu da kuɗi

Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka yarda mutanensu su shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, muddin suna riƙe da takardar tafiya. Amma al'amura sun sake. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar a Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso, ko da ya ke ƙungiyar ta ba da sanarwa a lokacin cewa a ci gaba da zirga-zirga kamar dā har sai an ji wata magana. Don haka kada a dogara da abin da wani ya gani bara. A aika ofishin shige da fice a tambaya a cikin makon tafiyar, a kuma sake tambaya ana jajibiri.

Kowane matafiyi ya riƙe fasfo ko takardar tafiya da hukuma ta bayar, da katin shaidar allurar shawara. Allurar ba ta fara aiki a wajen hukuma sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 ana karɓar katin har iyakar ran mai shi. Direba ya riƙe lasisinsa da takardun mota da inshorar da ke aiki a ƙetare. Yaron da bai balaga ba, sai da rubutaccen iznin mahaifinsa ko waliyyinsa, Dagaci ya shaida.

Kuɗin Nijar sefa ne, lissafinsa a kasuwa kuma ya kan ruɗa baƙo. A can dala ɗaya tamma biyar ce, saboda haka in mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 ya ke nufi. Jaka kuwa a can sefa 1,000 ce, alhali a Kano an san jaka da naira 200. A canja kuɗi tun a gida ko a hannun wanda ja-gora ya sani, a kuma ja kunnen samari kada su ɗauki hoton barikin soja ko shingen jandarma ko ofishin iyaka.

Tafiya ta uku: magangarar ruwa

Daga Ajingi zuwa Matsirga ya haura kilomita 350, sauran kuwa ba su fi kusa ba, saboda haka wannan tafiyar kwana ce, kada kuma a ratsa daji da dare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa bai janye ba amma ƙarfinsa ya ragu. Haɗarin wurin iri uku ne. Dutsen da feshi ke jiƙawa ya kan yi gansakuka mai santsi. Gindin magangara ya kan yi zurfi, ruwan yana juyawa yana jan mutum ƙasa, ko da gwanin iyo ne. Kuma in an yi ruwan sama a can bisa tudu, kogi ya kan taso farat ɗaya alhali sama tana garau a inda mutane su ke. Yaran ƙasar rairayi ba su saba da wannan ba. A nemi ɗan gari ya nuna inda a ke tsayawa, a hana wanka, a hana hawa baki don ɗaukar hoto, a sa babba guda a kan kowaɗanne yara goma.

Aikin Hakimi da magatakarda

Kafin Hakimi ya sa hannu, ya kira mai shirya tafiyar ya tambaye shi abu huɗu: yaushe rabonsa da bin hanyar, ƙarfe nawa za a tashi kuma ƙarfe nawa za a juyo, wa zai karɓe su a can, da abin da zai yi in mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. Wanda ya kasa amsa waɗannan a fili bai isa ja-gora ba, kome daɗin bakinsa.

Magatakarda ya rubuta sunayen matafiya duka, da garuruwansu, da lambar wayar wanda za a nema a gida, da lambar mota da sunan direba. A yi kwafi uku: ɗaya a ofishin Hakimi, ɗaya a hannun ja-gora, ɗaya na ma'aikatan iyaka. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit, a rubuta abin da ya ƙunsa, a kuma faɗi tun da wuri yadda za a mayar in an fasa tafiya. In za a gai da wani Sarki, a aika da takarda fadarsa tun da sauran kwanaki, kada jama'a su faɗo ƙofar fada ba sanarwa. A ƙirga mutane duk sa'ad da za a shiga mota. Da an dawo ja-gora ya sanar da Dagaci ko da dare ya yi, kashegari kuma magatakarda ya rubuta abin da aka gamu da shi a hanya, domin masu tafiya ta gaba su amfana.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan bai hana mutanensa ganin duniya ba. Ya tabbatar ne cewa adadin da ya fita da safe shi ne ya komo, kuma abin da aka biya kuɗi a gani an gan shi. Allah ya kiyaye hanya, amin.