Shago a Kwari, Sito a Maraɗi, Gida a Landan: Wa Zai Gaji Me?

Malamin da ya ƙware a rabon gado ba ya cin awa guda kafin ya fitar da kason kowa. Mata huɗu ne ko ɗaya, tumuni za su raba idan akwai 'ya'ya. Uwa da uba kowa sudusi idan mamacin ya bar ɗa namiji. Abin da ya rage na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Wannan lissafin a fayyace yake, kuma da wuya ka ji shi ne ya rusa gidan attajiri. Inda ake tuntuɓe shi ne tambayar da malam zai yi kafin ya ɗauki alƙalami: me mamacin ya bari, kuma yana ina?

A ɗauki ɗan kasuwa irin wanda kowa ya sani a Kantin Kwari. Yana da shaguna uku a Kano, da sito a Maraɗi wanda takardarsa ke ɗauke da sunan wani amininsa, da kwantena biyu a kan ruwa daga Chaina zuwa Kwatano waɗanda ya biya rabin kuɗinsu, da asusu a Dubai, da gida a Landan inda yara ke karatu. Babban littafin wannan harka duka yana cikin kansa. Ƙaramin yana cikin wayarsa, wayar kuma a kulle take da lambar da ko uwargida ba ta sani ba. Ana gama sadakar uku masu bin bashi za su soma sallama, kowa da rasit ko shaidu. Waɗanda mamacin ke bi kuwa sai mai tsoron Allah a cikinsu zai zo da ƙafarsa. Shi ɗan Chainan da ya loda kaya bai san an yi rasuwa ba, yana can yana aiko da saƙon WeChat yana neman cikon kuɗinsa, kwantena kuma ta iso tasha tana tara kuɗin ajiya kowace rana.

Fatauci tsakanin ƙasashe tsohon abu ne a wurinmu, matsalar gadonsa ma haka. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akra da zama. Bai tashi ya tarar da kasuwancin uba a tsaye ba, da kansa ya gina nasa, daga fataucin goro na Gwanja zuwa sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. A 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma ashirin bankin Turawa da ya buɗe a Kano, a lokacin da yawancin attajirai a tukunya suke binne nasu. Da ya rasu a 1955 akwai kamfani mai suna, Alhassan Dantata & Sons, wanda 'ya'yansa suka ci gaba da riƙewa, har ɗansa Aminu ya jagorance shi shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a Abu Dhabi a 2025. A kowace tsohuwar kasuwa kuwa, dattawa za su lissafo maka sunayen attajiran da suka yi tashe a zamaninsu, waɗanda yau ko allon shagonsu babu.

Abin da ya canza daga zamanin fatake shi ne kowace ƙasa yanzu tana riƙe da abin da ke cikinta da dokarta. Ƙa'idar da yawancin kotunan duniya ke bi ita ce, fili da gini suna bin dokar ƙasar da suke, ko da mai su ɗan ina ne. Saboda haka hukuncin alƙalin kotun Musulunci a Kano, duk ingancinsa, ba ya buɗe ƙofar gida a Kumasi ko Landan shi kaɗai. Sai an je can an bi ta kotunsu.

Ghana misali ce da ta shafe mu kai tsaye, ganin yawan 'yan'uwa a zangunanta. Tun 1985 akwai dokar gado mai lamba 111 da ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, Musulmi ne ko Kirista. A ƙarƙashinta gidan zama da kayan cikinsa na mata da 'ya'ya ne. Sauran dukiyar a kasa ta goma sha shida: mata uku, 'ya'ya tara, iyaye biyu, biyu kuma a bi al'ada. 'Ya'yan kuma daidai wa daida suke raba nasu, mace da namiji. Gidaje da yawa a zango suna kiran malamai su raba bisa shari'a, a tashi lafiya. Amma lafiyar tana nan ne muddin kowa ya yarda. Ranar da magaji ɗaya ya ga dokar ƙasa ta fi ba shi, ya ɗauki lauya, rabon malam ba zai tsaya a gaban kotu ba. Wanda yake son a raba dukiyarsa ta Ghana bisa Musulunci, sai ya rubuta haka a wasiyyar da dokar Ghana ta amince da ita. Sannan baƙo ba ya mallakar fili na har abada a ƙasar, tsarin mulkin 1992 ya taƙaita shi ga hayar da ba ta wuce shekara 50 ba a zubi ɗaya. Iyalan da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta rutsa da su a 1969 sun san yadda dukiya ke narkewa idan mai ita ya bar gari cikin gaggawa.

Ingila kuma haraji ne ke cizo. Duk abin da ya haura fam 325,000 na dukiyar da ke ƙasar ana yankar masa kashi 40 cikin ɗari, ko da mamacin bai taɓa zama can ba. Gidan fam 600,000 ke nan harajinsa fam 110,000. Abin da aka bar wa mata ba a taɓa shi, amma tun da kasonta a shari'a tumuni ne, sauran duka yana cikin lissafi. Galibi kuma sai an soma biya kafin kotu ta ba da izinin sayar da gidan, wato magada su nemo kuɗi daga wani wuri tukuna. Tun 2017 ɓoye gidan zama a bayan kamfanin da aka yi wa rajista a wata ƙasa ba ya tserar da shi. Amurka ta fi tsanani ga baƙo: dala 60,000 kawai take yafewa a kan kadara ko hannun jarin kamfanonin ƙasar. A Dubai da zarar banki ya ji labarin rasuwa sai ya rufe asusu har sai kotu ta yi magana, ko da albashin ma'aikata da kuɗin haya daga nan suke fita.

Ko a gida Najeriya abin ba a miƙe yake ba. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta yanke cewa Musulmi zai iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da ya saɓa wa mazhabar Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi nasu dokokin da suka toshe wannan ƙofa. Ke nan mai gida a Kaduna da wani a Legas ma yana iya kasancewa a ƙarƙashin dokoki biyu.

Mafi haɗari a ganina shi ne dukiyar da aka sa da sunan wani. Dalilin yin haka sananne ne. Ghana ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, dokar 2013 kuma ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. Dubai, kafin 2021, sai da ɗan ƙasa mai kashi 51 a yawancin kamfanonin cikin gari. A Saudiyya kuwa baƙo ya yi kasuwanci da sunan ɗan ƙasa laifi ne da ake kira tasattur, mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. To, aminin da aka sa sunansa yana iya zama mutumin kirki ƙwarai. Amma shi ma mai mutuwa ne. Idan ya riga ka, sitonka ya shiga cikin gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san wata amana ba, takarda suka sani. Inda doka ta halatta, a rubuta yarjejeniya da shaidu. A Nijar da sauran ƙasashen renon Faransa a kai ta gaban mai hatimin da suke kira notaire. Inda doka ta haramta, magada ba su da bakin zuwa kotu ko kaɗan, gara mutum ya warware abin da hannunsa tun yana raye.

Sai maganar kamfani. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu rajistar sunan kasuwanci kawai suka yi a hukumar CAC, suna ɗauka kamfani ne. Wannan rajistar da mai ita abu ɗaya ne, idan ya mutu ta bi shi. Kamfani mai hannun jari shi ne ke rayuwa bayan mai shi, domin shagunan da motocin da asusun na kamfani ne, abin da mamaci ya bari hannun jari ne. Nan ne shari'a da kasuwanci suke haɗuwa ba tare da wani ya cutu ba: kowane magaji ya karɓi kasonsa cif a hannun jari, shago kuma bai rufe ko yini ɗaya ba. Mallaka daban, gudanarwa daban. 'Yar da ke aure a Damagaram tana da kasonta na riba, ba sai ta zauna a kan kanta ba. Sai dai dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, kuma wanda ya zama shi ne darakta, shi ne mai hannun jari, shi kaɗai ke sa hannu a banki, ya dawo gidan jiya. Dole a sami na biyu. A ɓangaren Nijar, Benin, Kamaru da Chadi, dokar kasuwanci ta OHADA, mai ƙasashe 17, ita ke tafiyar da kamfanoni, amma ba ta taɓa gado ba, wannan kowace ƙasa da nata. Najeriya da Ghana ba sa cikinta.

Wani zai ce ai na ba babban ɗana takardar wakilci, zai iya cire kuɗi. Wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta, a fiƙihu da dokar boko duka. Ɗan da ya ɗauki katin mahaifinsa ya ci gaba da zarar kuɗi bayan jana'iza, ko da niyyar biyan ma'aikata ce, yana taɓa haƙƙin marayu ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: takardar banki za ta nuna kwanan wata.

Shi wannan babban ɗan ma akwai magana a kansa, kuma ita ce ta fi raba zumunci. Ya bar makaranta ya shiga shago, shekara ashirin yana Kwatano yana fitar da kaya, ba albashi, sai dai "ɗauki abin da kake bukata". Ƙannensa 'yan wani ɗakin sun yi digiri a waje da kuɗin da ya taya nemowa. Ranar rabo kasonsu ɗaya. Shi yana ganin an cuce shi, su suna ganin ya riga ya kwashi nasa tun tuni. Uban ne kaɗai zai iya kashe wannan wutar, ta hanyar yanka masa albashi ko kaso sananne na riba a rubuce. Wasiyya ba za ta gyara ba, domin ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran. Kyauta ce ke aiki, ita ma a Malikiyya sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya. "Na ba ka shagon Maraɗi" a baki, alhali maigida ne ke karɓar cinikinsa har ya kwanta ciwon ajali, ba kyauta ba ce, gado ne. Kuma addini ya yi gargaɗi a kan fifita wani ɗa a kyauta ba da dalili ba.

Magajin da ba ya son zama cikin kamfani yana da mafita. Ana iya kimanta kasonsa a biya shi ya fita, abin da malamai ke kira takharuji. Amma a amince tun farko da wane kuɗi za a kimanta da kuma wace rana. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro. Wanda aka ba kadarar Maraɗi da wanda aka ba naira a hannu, a takarda rabonsu ɗaya, bayan wata takwas ba su ga juna ba. Iyakar Najeriya da Nijar ma ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Ƙananan takardu su ne ke cinye watanni. Mutum Usman ne a fasfon Najeriya, Ousmane a katin Nijar. Yusuf a nan, Issoufou a can. Ma'aikacin banki a Dubai mutum biyu yake gani. Auren da aka ɗaura a masallaci a Kumasi ba takarda, sai matar ta nemo shaidu kafin a lissafa ta, balle idan gidan Kano bai taɓa jin labarinta ba. Mai 'ya'ya ƙanana kuma ya ambaci wasiyyin da zai riƙe musu kasonsu, kada a bar wa taron dangi. Wanda ya rubuta wasiyya a ƙasa biyu ya sa lauyoyin biyu su ga aikin juna, domin al'adar lauyoyi ce su buɗe wasiyya da jimlar da ke soke duk wadda ta gabace ta. Idan ba a taƙaita ta Landan ga dukiyar Ingila ba, tana iya kashe ta Kano ba tare da mai ita ya sani ba.