Yadda aka toshe ɓarakar USB da ta shekara 16 a manhajar Linux

A watan Fabrairun 2025, kamfanin Google ya fitar da gyaran tsaro ga wayoyin Android, tare da gargaɗin cewa akwai alamun an riga an yi amfani da wata ɓaraka mai lamba CVE-2024-53104 wajen kutsawa cikin wayoyin wasu mutane da aka ware. Ɓarakar tana cikin Linux, manhajar da aka gina Android a kanta, a sashen da ke sarrafa kyamarorin bidiyo masu aiki ta kafar USB, wato ramin da ake cajin waya.

Duk na'urar da aka jona ta wannan kafa sai ta fara gabatar da kanta. Idan kyamara ce, takan aiko da jerin nau'o'in hoton da take iya ɗauka. Manhajar takan ƙidaya jerin, ta ware masa gurbi a ƙwaƙwalwar waya daidai adadinsa, sannan ta koma ta rubuta bayanan ɗaya bayan ɗaya. A nan aka yi kuskuren. Wajen ƙidaya, manhajar tana tsallake bayanan da ba a fayyace nau'insu ba, amma wajen rubutu sai ta haɗa da su. Rubutun ya zarce gurbinsa, ya hau kan wasu bayanai na daban. Wanda ya ƙera na'urar bogi da ke ikirarin ita kyamara ce zai iya bi ta nan ya karɓe ragamar wayar, ko da tana kulle.

Gyaran kansa bai taka kara ya karya ba: sharaɗi guda aka ƙara, wanda ke hana manhajar karanta irin waɗannan bayanai. Sai dai kuskuren yana nan tun 2008, kuma ba a toshe shi a Linux ba sai a ƙarshen 2024.

Nauyin lamarin ya fito fili ne da ƙungiyar Amnesty International ta wallafa rahoto a ƙarshen Fabrairun 2025. Ta ce hukumomin tsaron Sabiya sun buɗe wayar wani ɗalibi mai fafutuka da suka tsare, da kayan aikin kamfanin Cellebrite na Isra'ila, ta hanyar wasu ɓarakokin USB da suka haɗa da wannan. Kamfanin ya sanar da dakatar da waɗanda abin ya shafa a ƙasar daga amfani da kayansa.

Akasarin wayoyin zamani da ke hannun 'yan Najeriya na Android ne, kuma gyaran Google ba ya isa waya sai kamfanin da ya ƙera ta ya tura shi. Tsofaffin wayoyin da aka daina sabunta su ba za su samu ba. Mai waya na iya duba ranar sabunta tsaro a cikin saituna. Idan ta kai 5 ga Fabrairun 2025 ko bayan haka, gyaran ya shiga.